Garkuwar Da Ba Ta Hana Gani

A kan hanyar da ta fita daga birnin Bauchi ta nufi Ningi, kafin a kai ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Gubi, akwai wata rumfar kwano inda wani dattijo ya ke sana'ar walda. Ƙofofi da tagogi ya ke haɗawa, da gadajen ƙarfe, wani lokaci kuma manoma su kawo masa garmar shanu da ta karye. Ya fi shekara 40 yana wannan aiki, domin sa'ad da aka kafa jami'ar a 1980 shi yana yaron shago a cikin gari. A duk tsawon wannan zamani abokin gabarsa guda ɗaya ne, watau haske.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda ya san ƙa'idar wurin: in aka ce "ido!" sai kowa ya kau da kai. Shi dattijon tun yana ɗan shekara 15 ya koyi dalilin wannan ƙa'ida, bai kuwa koya da sauƙi ba. Ran da ya fara riƙe wa maigidansa ƙarfe ya ƙi kau da kai, don yana so ya ga yadda ƙarfe ke narkewa. Bai ji kome ba har ya ci tuwon dare ya kwanta. Can tsakar dare sai ya farka, idanunsa kamar an zuba musu yashi, hawaye na kwarara, ya kasa buɗe su. Abin da ya ƙone shi wani haske ne da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana, wanda wutar walda ke fitarwa da yawa. Shi wannan haske gaban ido ya ke saɓulewa, kuma da ya ke wurin yana saurin warkewa, bayan kwana biyu yaron ya koma bakin aiki. Daga ran nan bai sake wasa da baƙin gilashin walda ba.

Amma fa shi ma baƙin gilashin yana da nasa aibin, dattijon kuwa ya fi kowa saninsa. Don tsananin duhunsa, mutum ba ya ganin kome ta cikinsa sai wuta ta kama. To, ta yaya zai ga inda zai ɗora sandar walda? Dole ya ɗaga garkuwar ya daidaita hannu, sa'an nan ya mayar da ita. A tsakanin ɗagawa da mayarwar nan ne wuta kan sami mutum. Saboda haka ne yara masu koyo su kan ajiye garkuwar su sa tabarau na ado, ko kuwa su runtse ido su yi aikin da ka. Kullum abin da ya ke faɗa musu shi ne, "Gilashin da ya hana ka gani ɗaga shi za ka yi, ran da ka ɗaga kuwa ran nan za ka sha wuta."

Da wannan sani nasa ya kan yi alfahari. Ran 29 ga Maris 2006, sa'ad da aka yi husufin rana, har gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, a Bauchi ma aka ga rana ta zama kamar lauje, mutanen unguwa layi suka yi a rumfarsa. Ya ɗauko mafi duhun gilasansa, mai lamba 12, ya riƙa miƙa wa kowa ya duba kaɗan ya ba na baya. Yaran da suka zo da fasasshen gilashi wanda suka turara da hayaƙin fitila ya kore su da faɗa, ya ce wannan ba kariya ba ce. Ran nan ya kwana yana jin babu wani haske da zai shiga gidansa ya yi ɓarna yana raye.

Ashe tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar wata ƙaramar Salla autansa, yaro ɗan shekara 9, ya zo yana roƙon kuɗin wata 'yar tocila da ya gani a hannun mai talla. Ba ta fi alƙalami girma ba, in an danna ta sai ta fid da wani koren haske siriri kamar zare, wanda da dare a kan ga tsininsa a kan bishiya can nesa. Uban ya juya ta a hannunsa, ya ga batir biyu ƙanana ta ke ci, ya yi dariya ya biya. Mutumin da ya saba da wutar da ke narka ƙarfe, me zai tsorata a cikin abin wasan yara?

Bayan kwana huɗu malamin makarantar allo ya aiko cewa yaron yana tsallake baƙaƙe in yana karatu. Da aka tambaye shi sai ya ce in ya rufe idon hagu, duk harafin da ya zuba wa ido sai ya ɓace, na gefe kuwa suna nan. Da aka matsa masa ya faɗi gaskiya: gasa suka yi da abokansa, a ga wanda zai fi daɗewa yana kallon bakin tocilar bai ƙifta ba. Shi ne ya ci. Uban ya ce a bar shi kwana biyu zai warke, don haka ya san ƙunar haske. Kwana biyu suka wuce, mako ya wuce, tabon yana nan.

A asibitin ido a cikin gari likita ya ɗiga wa yaron magani, ya ɗauki hoton cikin idon, ya juyo da na'urar wajen uban.

"Baba, kun ga wannan ɗan ɗigon? Nan ne tsakiyar tantanin da ke bayan ido. Da nan mutum ya ke karatu, da nan ya ke gane fuska. Ƙuna ce."

"To Likita, a wanke mana, ko a yi masa aiki."

"Ba yana ba ce, Baba. Yana a kan cire ta. Wannan wuri in ya ƙone ba ya sake tohowa. Kumburin zai sauka, ganin zai iya ɗan ƙaruwa, amma tabon ya zauna. Ku gode wa Allah ido ɗaya ne."

"Ai bai yi kuka ba, bai ce yana jin zafi ba."

"Wurin ba ya jin zafi. Shi ya sa yara su ke iya daurewa."

Dattijon ya komo gida bai yi magana da kowa ba. Da magariba ta wuce ya ɗauki tocilar ya tafi rumfa shi kaɗai, ya auna haskenta a kan baƙar leda. Kafin ya ƙirga goma ledar ta huje. Ya zauna a kan benci ya daɗe bai motsa ba. Da na sani ƙeya ce.

A nan babbar 'yarsa ta same shi. Ita ce ya ke kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ta, tana kuwa karatun kimiyya a jami'ar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce mata, "Uwata, ke da ki ke karatu, gaya mini. Ƙwan lantarkin ɗakina ya fi wannan abu ƙarfi nesa ba kusa ba, kullum muna kallonsa. Yaya aka yi wannan ya ci idon ƙanenki?"

Ta ce masa sunan abin leza. Wani Ba'amurke mai suna Theodore Maiman ne ya fara kunna irinta ran 16 ga Mayu 1960. Bambancinta da fitila shi ne, hasken fitila watsuwa ya ke yi ko'ina cikin ɗaki, ɗan kaɗan ne ke shiga ido, hasken leza kuwa launi ɗaya ne, a ɗaure ya ke tafiya ba ya watsuwa, dukansa sai ya shige ta ƙwayar ido. Daɗin daɗawa shi ido da kansa tattara haske ya ke yi, kamar gilashin nan da yara ke ƙona takarda da shi a rana. Kafin hasken ya isa bayan ido ya tattaru a wurin da bai kai kaurin gashi ba, ƙarfinsa ya ninku wajen sau 100,000. Don haka aka yi wa irin waɗannan tociloli iyaka. A Amurka ba a yarda ta wuce miliwat 5 ba, watau kashi 5 cikin 1,000 na wat ɗaya, a Ingila kuwa hukumomin lafiya sun ce kada wadda a ke sayar wa jama'a ta wuce miliwat 1. An yi lissafin ne bisa cewa mutum zai ƙifta ido ko ya kau da kai cikin rubu'in sakan. Amma rubutun da ke jikin tocilar ba abin dogara ba ne. A 2013 hukumar awo ta Amurka ta gwada guda 122, ta tarar kusan 90 cikin 100 na masu koren haske sun saɓa wa ƙa'ida. Wadda ta huda leda kuwa ba sai an kai ta ma'auni ba.

Ta ƙara da cewa abin bai tsaya ga yara ba. A 2023 kaɗai matuƙan jiragen sama a Amurka sun kai ƙara fiye da sau 13,000 cewa an haska musu leza daga ƙasa. A watan Maris 2022, a wasan Senegal da Masar, duniya ta ga yadda koren haske ya rufe fuskar Mohamed Salah sa'ad da zai buga fanareti. Idon na'ura ma bai tsira ba, domin ƙwayar da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara ita ma bayan gilashi mai tattara haske ta ke, shi ya sa lezar da makaɗa ke wasa da ita a wurin biki ta kan bar wa kyamarar mai ɗaukar hoto layi ko ɗigo wanda ba ya gogewa. Tun 1995 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyena ta haramta makaman leza da aka ƙera don makantar da mutane, amma yarjejeniya ba ta tsayawa tsakanin haske da ido.

Dattijon ya ce, "To ai sai a yi mata gilashi, kamar namu."

"Akwai, Baba. Amma kowane gilashi launi ɗaya ko biyu aka yi shi ya tare. Wanda ke tare kore ja zai wuce shi. In kuwa aka yi wanda zai tare duka, ya zama irin naku, matuƙin jirgi ba zai ga hanya da dare ba. Abin da ku ke faɗa wa yaranku kullum, shi ne abin da masana su ke fama da shi."

Sai ya tuna da wata hular walda da ya taɓa gani a hannun wani ɗan kwangila, wadda gilashinta ke nan garau har sai wuta ta kama, sa'an nan ya yi duhu da kansa. 'Yar ta ce wani kamfanin Suwidin ne ya fara sayar da irinta a 1981, da sunan Speedglas. Gilashin nata hawa-hawa ne: akwai shafe-shafe sirara da ke tare hasken da ido ba ya gani a kowane lokaci, akwai kuma wani ruwa irin na fuskar agogon lamba, wanda in na'ura ta hangi walƙiya sai ta sa masa lantarki ya rufe hanya. Cikin wajen kashi 1 daga 10,000 na sakan ya ke rufewa. Ga mai walda wannan ya isa. Amma akwai manyan lezoji na masana'antu da na soja da na asibiti waɗanda ke harba haskensu cikin 'yan kashi daga 1,000,000,000 na sakan. Kafin hular ta farga aikin gama ya gama. Abin da a ke nema ke nan shi ne abu wanda ba ya jiran na'ura ta ba shi umurni, wanda shi hasken da kansa ne zai sa shi ya rufe.

Ta ɗauki fensir ɗin da ya ke zana awon ƙarfe da shi, ta goga bakinsa a kan takarda har wurin ya yi baƙi yana ƙyalli, ta manna salatif ta ɓanɓare, ta nuna masa a gaban fitila. Ta ce bakin fensir ba dalma ba ce, wani dutse ne dangin gawayi da a ke kira girafayit, ana ma samunsa a ƙasar Ningi. Shi wannan dutse kamar littafi ya ke, falle bisa falle, shi ya sa ya ke barin alama in an goga shi. A 2004 wasu masana biyu a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka yi ta ɓanɓarar sa da salatif har suka sami falle guda tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda a ke kira girafin. Sai an jera wajen falle 3,000,000 kafin su kai kaurin milimita 1. Falle ɗaya kashi 2.3 cikin 100 na haske kawai ya ke sha, saura ya wuce. Saboda wannan aiki aka ba su kyautar Nobel a 2010. Bayansa aka yi ta samo 'yan'uwansa: fallen wani dutse mai suna molibdenayit, da wani dangi da masanan Jami'ar Drexel ta Amurka suka gano a 2011, da wasu da dama.

Abin da ya ja hankalin masu neman kariyar ido shi ne halin waɗannan fallaye in haske ya tsananta. Haske ƙwaya-ƙwaya ya ke zuwa. In yana da sauƙi ƙwayoyin ɗai-ɗai su ke isowa, su wuce abinsu. In ya tsananta sai su iso a cunkushe, abin ya riƙa haɗiye biyu a lokaci guda, ko kuwa wanda ya riga ya sha haske ya ƙara ƙishirwar sha. Kamar mai gadi ne da ba ya kula masu shiga ɗai-ɗai, amma da ya ga turmutsitsi sai ya tura ƙyaure. A 2009 masana a Kwalejin Trinity ta birnin Dabilin suka nuna cewa girafin da aka dama cikin ruwa yana rage ƙarfin harbin leza, kore da kuma wanda ido ba ya gani. A 2011 wasu a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka nuna cewa in an raba fallayen ɗai-ɗai abin ya fi saurin kamawa. Amfaninsa a kan gilasan yanzu shi ne ba ya zaɓen launi.

Dattijon ya ce, "Dangin gawayi ki ka ce? Ashe tawadar allo ma 'yar gidan ce."

Ta yi murmushi, karo na fari a wannan mako. Ta ce ai bai yi nisa da gaskiya ba. Tun kafin girafin masana sun san cewa baƙin hayaƙi in aka dama shi cikin ruwa yana yin wannan aiki: haske mai sauƙi ya wuce, mai tsanani kuwa ya zafafa ƙwayoyin su ta da kumfa ƙanana waɗanda ke watsa shi. Sai dai ba a rataya kwalbar ruwa a fuska, kuma in aka yi ta harbin wuri ɗaya ƙwayoyin ƙarewa su ke yi. Shi ya sa a ke so a zuba fallayen nan cikin roba garau ko a shafa su a kan gilashi.

Ya yi shiru, sa'an nan ya yi tambayar da ke cinsa tun daga asibiti. "Uwata, da a ce Auta yana sanye da wannan abu, da ya tsira?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

Ba ta ɓoye masa kome ba. Ta ce waɗannan abubuwa sai haske ya kai wani matsanancin ƙarfi su ke farkawa, irin na harbin manyan lezoji, ido kuwa yana ƙonewa tun kafin a kai nan. Tocilar yara haskenta a miƙe ya ke zuba, bai kai ya tashe su ba, amma ya isa ya ci ido. Har ila yau, shi girafin ɗin a wani yanayi akasin haka ya ke yi, in ya ƙoshi da haske sai ya daɗa buɗewa, har ma da wannan hali nasa a ke amfani a cikin ƙirar wasu lezojin. Mafi yawan aikin yana ɗakunan bincike, bai kai ga tabarau ɗin da mutum zai shiga kasuwar Wunti ya saya ba. Kuma mai yiwuwa ne kyamarori da na'urori su riga idon ɗan Adam cin moriyarsa, don a cikinsu an fi samun wurin da za a tattara haske a kan fallen.

Dattijon ya gyaɗa kai. Maganar ba ta yi masa daɗi ba, amma ta fi masa ta'aziyyar da mutane ke ta yi masa. Ya gane cewa shekara 40 da ya yi yana tsoron haske, hasken da ke da ƙara da tartsatsi da zafi ya ke tsoro, wanda ke sanar da zuwansa. Wanda ya shigo gidansa kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki, da hannunsa ma ya biya kuɗinsa. Ya kuma gane cewa kafin masana su gama ƙera garkuwar da ba ta hana gani, wadda ta rage wa yaro ita ce babban da ke kusa da shi.

Bai fasa tocilar ba. Ya zare batiran ya rataye ta a ƙusa a bakin rumfa, tare da ledar da ta huda. Duk magidancin da ya kawo aiki sai ya nuna masa su, ya ce, "In ka ga wannan a hannun ɗanka, karɓe. Kada ka tsaya karanta rubutun jikinta." Ya je ya sami mai unguwa da liman ya ba su labari, bai ɓoye cewa shi ya saya ba, aka kuwa yi wa jama'a jan kunne kafin babbar Salla. Da ya sami kuɗin wasu ƙofofi ya sayi hular nan mai yin duhu da kanta, ya ba yaransa biyu su riƙa karɓa-karɓa, tun daga lokacin ba wanda ya sake kwana da yashi a ido.

Autan ya koma makaranta. Tabon ya ɗan ragu, bai tafi ba, ya koyi karkata allo kaɗan in yana karatu. Yayarsa kuwa ta ce in Allah ya kai ta shekarar ƙarshe a kan waɗannan fallaye za ta yi bincikenta. Da ta faɗa wa uban sai ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ɗauko tsohon baƙin gilashin nan mai lamba 12, ya goge shi da gefen riga ya miƙa mata.

"Riƙe wannan, Uwata. Ran da ku ka yi wanda ba sai an ɗaga shi ba, ki kawo mini in gani."